Jan Tabo a Goshin Jikata

Sabi'u, Nafisatu ta sauka! Mace ce, ranar Alhamis da hantsi, a matarnite, asibitin haihuwa na Tanout, uwa da ƴa duk lafiya lau. Na yi amarya da tsufana, ɗana. Innarka Kadi ta ce in je in rina furfurata tun da wuri, kada yarinya ta buɗe ido ta ce ba ta so.

Ka ga murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da baƙunta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a duk tashar da jirginku ya tsaya. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero, bana ƙasarmu ta Damargu ba ta ba mu kunya ba. Yayanka Mukhtar yana Tenhya da dabbobi, ya aiko cewa raƙumarka ta yi ciki. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta. Surukarka Hafsatu ta zo daga Gangara don wankan jego, ita ke riƙe da gidan yanzu, har ni tana ba ni oda.

Ka san rubutu ba sana'ata ba ce. A ajin yamma na yaƙi da jahilci na koye shi, gemuna ya riga ya yi fari. Da na ga dama sai in danna salula in yi maka murya kamar kullum. Amma muryar nan ita ta kai mu inda muke, shi ya sa na ɗauki bik in rubuta, don shi ba ya riga zuciya fita. Ƙanwarka Jamila za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka.

Bari in faɗi abin yadda yake, don in ji shi da kunnena. Kafin ka bar Delhi ka kira ni ka yi mini bayani. Ka ce tsohon nan Harilal, wanda kake haya a gidansa tun da ka fara tafinta wa marasa lafiyarmu a asibiti, shi ne ya yi jinyarka lokacin da zazzaɓi ya kusa kai ka, kuma matarsa ke dafa maka abin sahur alhali azumin ba nasu ba ne. Ka ce ta rasu, ƙafafunsa kuma sun mutu, ya daɗe yana burin shiga jirgin ƙasan nan da ke ɗaukar masu ziyara yana zagayawa da su wuraren bautarsu, kamar yadda tsofaffinmu ke kwana da burin Makka. Ɗansa yana wata ƙasa bai samu zuwa ba. Ka ce kai za ka tura masa keke, ka goya shi inda matakala ta yi yawa, ka ajiye shi a bakin ƙofa mutanensa su shiga da shi, kai ka tsaya waje wajen takalma. Ka nemi izinina. Na ba ka. Na ce ka riƙe sallarka, Allah ya kai ku lafiya. Haka na ce, ban manta ba.

Sai hoton nan ya zo, kai da tsohon a bakin jirgi, furanni a wuyanka, jan abu a goshinka. Ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa wata tsohuwa ce ke shafa wa duk wanda ya shiga don maraba, ka ji nauyin ture hannunta, kuma ka goge bayan ta wuce. Na karanta da kaina, harafi bayan harafi. Amma hoton ya yi ta yawo daga salula zuwa salula, rubutun ya faɗi a hanya. Ranar kasuwa na je rumfar Aghali mai shayi, na tarar ana miƙa shi hannu da hannu. Wani ya tambaye ni ko ɗan nawa ya fara yi wa shanu sujada. Wani ya ce in aika maka da ɗan maraƙi ka riƙa gaisarwa da safe. Aka yi ta dariya. Sabi'u, maimakon in faɗi abin da na sani, sai na rantse ban san da tafiyar ba. Na ciro salula a gabansu na yi maka muryar nan, na ce kada ka ƙara kirana, ba ni da ɗa mai tambarin tsafi a goshi. Don su ji na yi, ba don kai ba. Ka amsa da cewa to, Baba. Tun ranar ba ka kira ba, kuma na san ba fushi ba ne, bin umarni ne. Wannan ya fi fushi ciwo.

Yanzu ga abin da Allah ya yi. Da aka miƙo mini yarinyar in yi mata huɗuba, na ɗaga zanen, sai ga wani ɗan jan tabo tsakanin girarta, bai kai ƙwayar wake ba. Sajfam, ungozomar asibitin, ta ce ba komai ba ne, tana ganinsa ga jarirai da yawa, yakan ɓace da kansa in yaro ya fara girma. Innarka ma ta ce Mukhtar da irinsa ya zo a ƙeya, ni ne ban taɓa lura ba. Amma matan da suka zo barka ba sajfam suka saurara ba, ni suka saurara. Kafin la'asar maganar ta kai rijiya, wai ƴar Sabi'u ta zo da tambarin ubanta. Jiya Jamila ta dawo daga lekol, makarantarsu, tana kuka, yara sun fara kiran jaririyar Mai Tambari. Ka san garinmu, sunan da aka laƙa wa mutum yana cikin zanen goyo da shi ake kai shi kabari.

Nafisatu ta ja wa yarinyar hula har bisa ido, cikin zafin nan, ta ce kada a ƙara barin kowa ya shiga ɗakin. In na yi sallama tana amsawa da ladabi, ta aiko mini da kunun kanwa, amma ba ta ɗaga kai. Hafsatu ce ta tare ni a zaure, ta ce ita ba ta san Indiya ba, ba ta san abin da suke bautawa ba, amma ta san bakin da ya shafa wa jikarta wannan abu, kuma ba bakin tsohuwar jirgi ba ne. Na shige ciki.

Shekaranjiya na koma rumfar Aghali na faɗi gaskiya, cewa da izinina ka tafi, kuma ƙarya na rantse a kai. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Aghali ya zuba mini shayi ya ce maganar farko ta riga ta isa Belbeji, wannan kuwa ko bakin tasha ba za ta kai ba. Ya yi gaskiya. Na je wajen liman kan rantsuwar, ya faɗa mini kaffararta, na fara.

To ga abin da nake roƙo. Suna ranar Alhamis ne, rago yana ɗaure. Liman ya ce in ba a ji daga gare ka ba, ni in zaɓi sunan. In na yi haka, gari zai ce lallai na cire ka, yarinya ba ta da uban da za a tambaya. Na janye maganata, Sabi'u, na janye ta duka. Ka yafe mini. Duk tashar da ka samu rezon salula ka kira ni, ko ina cikin barci ne, ka faɗa mini sunan ƴarka da bakinka, ni in kai wa liman in ce daga ubanta ya fito. Kada ka baro tsohon a hanya saboda mu, ka kai shi inda ya yi niyya ka maido shi gidansa. Addininsa daban, namu daban, amma wanda ya ciyar da ɗana ba baƙo ba ne a wurina. In ka kira kuma ina son labari. Da gaske ne a cikin jirgin kuke kwana, a ciki ake girki? Da gaske tun da kuka tashi ba ka ga nama ba? Ni ko hawa jirgin ƙasa ban taɓa yi ba.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa man zafi a bayanka saboda goyon. Ƙannenka Jamila da Rukaiya suna gaisuwa. Ka gaida ɗan baffanka Ahmad in kun koma Delhi. Ka gaida Harilal, ka ce masa ya yi jika a Tanout.

Na roƙi Nafisatu abu ɗaya, da ƙyar ta yarda. Ranar suna da safe, bayan an shafa fatiha, ni zan fito da yarinyar ƙofar gida a hannuna, ba hula. Na aika Tenhya, na aika Ollelewa da Gangara, na bi rumfunan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya yi maganar maraƙi na gayyata. Duk mai ido ya zo ya duba goshin amaryata da kyau, a gabana, in yana da magana ya faɗa mini ni. Kai ma, da zarar ka sauke tsohon, ka taho. Ku zo duka ku gan ta.

Mahaifinka,
Attahir