Layin Kulu

Litinin, 16 ga Satumba
An ba Badamasi kwangilar raba dikoda, akwatin kama tashoshi, a Hadejia. Badamasi! Wanda ya maimaita aji uku, yana kwafar lissafi a littafina. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya a gidan rediyo, ina gyaran inji ina karanta sanarwa, ko katin gayyata ba a aiko min ba.

Laraba, 18 ga Satumba
Wai gwamnati za ta mayar da kowa dijital. Akwatin sai da wuta, wutar tana ina? A garin da ake bin layin cajin waya a shago. Mu a rediyo da batir biyu muke kai magana har cikin kwalekwalen masunta a Baturiya. Ba wanda ya tambaye mu.
Badamasi ya sayi mota. Fara.

Alhamis, 19 ga Satumba
Kwana uku layin ƙanwata Kulu ba ya shiga. Ashe an rufe. Da sunan marigayi mijinta aka yi rajista, don lokacin ba ta fita, shi ya je ya dangwala yatsa. Yanzu sun ce sai mai layi ya zo da kansa da lambar ɗan ƙasa. To su je maƙabarta su kira shi.

Asabar, 21 ga Satumba
Kogi na tahowa. Sanarwar ambaliya ta zo ta saƙon waya, da Turanci. Kulu na ƙauye bayan Auyo, a bakin fadama, da buhu ashirin na shinkafar rani da awakinta, abin da za ta ci shekara da marayu ke nan. Hanya ta yanke, babur ba ya wucewa.

Lahadi, 22 ga Satumba
Na je gidan Badamasi, don yana da manoman yankin kaf a wayarsa. Allah ya sani ba da son raina ba.
"Injiniya! Yau kai ne a gidanmu? Ko ɓatan hanya?"
Kujerun fata. Ban zauna ba.
Ya ce tun jiya ya tura gargaɗi, suka ce ƙaryar waya ce. "Muryarka suka sani, Gwadabe. Tawa ta ɗan kwangila ce."
Ya kanga min wayar a baki kamar mai ba jariri koko, wai zai naɗi muryata ya tura musu. Na yi yadda muke yi a da: sallama, sannan sunayen ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, bi da bi yadda ruwa zai iske su, sau uku. Haka manomi ke gane kwana nawa ya rage masa. Shi bai ma san jerin ba.

Talata, 24 ga Satumba
Kulu ta kira da wayar maƙwabci. "Yaya, wai ka koma rediyo?" Liman ne ya sa maganar a lasifikar masallaci. Kwalekwale uku suka kwashe su. Buhu biyu sun jiƙe, ɗakin ya faɗi, su lafiya.
A kasuwa kuwa, "Allah ya saka wa Alhaji Badamasi." Alhaji!

Alhamis, 26 ga Satumba
Har yanzu ba a buɗe layin ba, kuma ina nan a kan bakana game da dikodarsu.
Badamasi ya aiko, wai gobe akwai sanarwar mutanen Kafin Hausa. Ban ce zan je ba. Na dai ce wa matata Ma'u kada ta ba ni ruwan sanyi yau, yana dusashe murya.