Gwajin da Na Ƙi Gamawa

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023

Na dawo ƙauye cirar gyaɗa, furojet ɗinmu na makaranta kuma bai ƙare ba. Ni da Maijidda aka haɗa, 'yar unguwar Rijiyar Zaki a birni. Aikinmu mu auna saurin fankshin, wato wani ɗan sashe na shirin kwamfuta, idan zai dawo wa wanda ya kira shi da amsa fiye da ɗaya. Kwamfutar tana wajenta. Ni sai dai in tsaya gindin ɗorawar gonar Baba, nan kaɗai waya ke kamawa.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ta gama awo. Amsa biyu suna shiga rajista, 'yar ƙaramar ma'ajiya mai sauri, su dawo nan take. Da sun kai uku, ƙa'idar kira ta ce sai mai kiran ya tanadi wuri a memori, babbar ma'ajiya, a zuba masa a can. Jinkirin ma ɗan mitsitsi ne. Ta ce saura rubutu kawai, mu miƙa wa Malam.

In muka miƙa, da wane dalili zan ƙara kiranta? Na ce a gwada huɗu.

Asabar, 7 ga Oktoba

Huɗu kamar uku. Na sani tun kafin ta faɗa. Na ce biyar fa?

Dariyarta dai...

Talata, 10 ga Oktoba

Baba ya ce tunda aka fara cirar nan bai ga kunyar gyaɗar da na kai ƙarshenta ba, kullum ina gindin ɗorawa. Inna ta ce a ƙyale ni, boko ne. Amma har da murmushi ta faɗa, ban ji daɗin murmushin nan ba.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na ce a gwada shida. Sai ta ce:

"Fatihu, ko ɗari muka gwada sakamakon ɗaya ne, kai ma ka sani. Gobe zan miƙa. In kana da wata tambaya, Abbanmu yana gida ranar Juma'a bayan masallaci."

Wallahi sai da na zauna a kan kunyar gyaɗa. Ina sonta, shi ke nan na rubuta.

Alhamis, 12 ga Oktoba

An miƙa furojet. Na leƙa wajen Kawu Sabo, gaisuwa kawai, sai zance ya kai ga ko yana da shiga birni gobe. Ya ce ba shi da ita, amma zai samo.

Na ba Inna farar shaddata a wanke. Ta yi datti ne.