Sun Hana Gawar Goggo Rifkatu Shiga Coci

Mama, gawa ma ana yi mata horo?

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu, da fatan kina hutawa a wurin Ubangiji. Ki gafarce ni da na sa tambaya gaban gaisuwa, ba haka kika koya min ba. Raina ne a ɓace.

Goggo Rifkatu ta rasu, ƙawarki ta unguwar Television, mai burkutu. Gawarta tana mutuware a asibiti, ranar Asabar za a binne ta. Dattawan ikilisiyarmu sun zauna sun yanke: akwatinta ba zai shiga coci ba, matan zumunta ba za su ɗaura zanen zumunta ba, ba kiɗan tulu, ba waƙa. Wai ta mutu cikin horo. A yi 'yar addu'a a bakin kabari, a watse.

Kin san yadda ta fara. Masaƙar da mijinta yake aiki a Kakuri ta rufe, ya zauna gida har ciwo ya ɗauke shi, ya bar mata yara. Ta ɗora tukunyar burkutu. Aka kira sunanta gaban jama'a, aka hana ta Jibin Ubangiji, aka tura ta bencin baya. Ta je ta zauna. Shekara da shekaru, ko ruwa ake, tana can bakin ƙofa.

Ina tuna ki kina barin layin gaba ki koma kusa da ita. Da aka yi miki magana kika ce, "Ku ƙyale ni, nan iska ta fi shigowa."

Da kika kwanta ciwo, dattawa sun zo da kwat, sun yi addu'a a tsaye, sun fita suna goge hannu. Goggo ce ta riƙa juya ki, ta wanke zanen gadonki, ta ba ki kunu a baki.

Abin da ya fi ɓata min rai, cikin masu yanke hukuncin akwai waɗanda ɗan acaɓa yake kai musu jarkarta a baƙar leda. Duk layin an sani. Mai sha yana gaba yana raba gurasar Jibin Ubangiji, mai dafawa ko gawarta ba a so. Tir!

Ban ce burkutu ruwan baftisma ba ne, na ga yadda yake kwantar da magidanta. Ban je makarantar tauhidi ba, da kaina na koyi karatu, amma ban taɓa cin karo da inda Yesu ya tare ƙofa yana tace masu shiga ba.

'Yarta Ladi ta ce min in uwarta ba ta shiga ba, ita ma ƙafarta ta bar coci ke nan. Ke da kin san abin da za ki ce mata.

Na yi kewarki, Mama. Allah ya ba ku hutu ke da ƙawarki, ya riƙe Ladi, ya riƙe min bakina, domin saura kaɗan in yi zagi.

Ɗanki mai bakin nan da kika sani,
Yohana

Baba Fasto, a fili na saka wannan wasiƙar inda duk 'yan ikilisiya za su gani, na san kana karantawa. Kada ka aiko min dattijo a ɓoye, kada ka ce "kwamiti ne". Ka amsa a nan, gaban kowa, kafin Asabar: za ka buɗe mata ƙofar, ko ba za ka buɗe ba?