Ciwon Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki? Yaya kuma ciwon bayan nan naka da ke tashi duk sa'ad da aka ce ka zo gida? Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Na iso, na fara hutun da ka tsara mini. Abokan aikina na jami'a suna can suna barcin rana, ni kuwa ina kwance ƙarƙashin ƙaramar motar gonar da ka saya wa Baba, ƙasa tana zuba mini a ido. Ban manta sharaɗinka ba: in motar ba ta tashi ba kafin lemu ya nuna, za ka sayar da lambun kan tudu, ka kwaso su Baba zuwa birni. Ban gaya musu ba. Ka dai san hanyar tudun, duwatsu ne da kwazazzabai, motar nan kaɗai ke iya hawa, ƙafafun Baba kuma sun daɗe da yin murabus.

Ciwonta iri biyu ne, karɓa-karɓa suke yi kamar masu gadi. Wata rana ka murɗa makulli ka ji shiru, ko fitila ba ta kawowa. Wata rana ta tashi garau, ta kai bakin ƙofa, ta yi tari, ta mutu. Bakanike ya canja batir da fulogi, ya wanke kabureta, daga ƙarshe ya ce a haɗa da addu'a.

Na ari mitar gwada wuta a wurinsa. Batir cike yake. Na kankare kawunansa, na ɗaure wayar da ke kama jikin mota, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har na kai akwatin fis. Fis ɗin da ke ba inji wuta babu shi. Ba ƙonewa ya yi ba, Yaya, gurbinsa ne kawai. Na sa sabo.

Baba yana kan kujerarsa a inuwa yana ba da umarni, wai a zamaninsa da kunne ake gyaran inji, ba da akwati mai allura ba. Inna ta leƙo ta ce to ya taso da kunnen nasa mana, tunda gwiwa ce ta ƙi, ba kunne ba.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na ga saƙonka cewa za ka aiko sabon famfon mai. Dakata tukuna.

Da sabon fis ta tashi, ta kai bakin ƙofa, ta mutu kamar yadda ta saba. Sai na koma ɓangaren mai. Tanki a cike, matatar mai fes, amma da na zare tiyo, ko ɗigo. Na lalubi ƙarƙashin tanki na iske ɗan makullin da ake murɗawa a tare wa mai hanya, a rufe yake gam. Ashe abin da ya rage a kabureta take sha ta kai ƙofa. Na buɗe shi, na wanke hannu, na yi barcin masu nasara. Washegari na murɗa makulli, shiru. Fis ya sake tafiya.

Bakanike ya ce ɓera ne. Na ce ɓeran da zai cire fis ya mayar da murfi ya danna, a kawo mini shi, ina da gurbi a ajina.

Jiya ina neman allura in ɗinke hannun rigata da ƙarfe ya yaga, na buɗe gwangwanin zaren Inna. Ga fis ɗin da suka ɓata nan cikin maɓallai, har da nawa sabo. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ce ranar da bakanike ya nuna wa Baba akwatin fis, tana tsaye a bayansu da tsintsiya, tana kallo. Ta ce zuwansu lambu na ƙarshe, Baba ya bi ta kan turken shinge bai gan shi ba, ya ce dutse ne, kuma saura ƙiris su gangara kwazazzabo. Idonsa ya yi hazo. In ta ce ya daina tuƙi, ran nan zai hau tudun don ya nuna mata. Gara mota ta kwanta da shi ya kwanta, in ji ta, kuma in na kuskura na faɗa masa, ba ita ta haife ni ba.

Amma ta rantse ba ruwanta da mai, ko warinsa ba ta so. Na yarda da ita. Inna ba ta rantsuwa a kan abin da za ta iya yin alfahari da shi.

Na gaji, Yaya. Farcena duk baƙi.

Taka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti, da fatan kowa lafiya.

Na kama ɓera na biyu. Da sassafe ina shanya, na hango Baba ya dafa jikin motar ya sunkuya, yana lalube da yatsu ba tare da ya duba ba. Ya murɗe makullin man, ya goge hannu a bayan rigarsa, ya koma kujera. Da na fito ya tambaye ni wai har yanzu digirin bai tayar da ita ba?

Ya san halin da idonsa ke ciki ke nan. Shekara da shekaru suna gado ɗaya, ita ta ɗauki ɓangaren wuta, shi ya ɗauki ɓangaren mai, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, don dai a ce mota ce ba ta da lafiya. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, na rasa ko dariya zan yi.

Ban tona kowa ba. Na sa fis, na buɗe mai, na ce wa Baba akwai wata ƙara a inji da mita ba ta kamawa, sai kunnen gwani. Ni zan riƙe sitiyari don kada tuƙi ya raba masa hankali. Ya ce dama ya faɗa. Inna ta bi mu da kallo har ƙofa, hannunta a ƙugu.

Mun hau tudun. Duk hanya idonsa a rufe, yana ce mini in rage, in ƙara. A lambu ya bi itatuwa yana shafawa, ya tsinki lemu ya shinshina, ya ce saura kaɗan. Da muka dawo ya sanar cewa ƙarar tana nan, sai an riƙa gwada motar duk mako.

Na kuma gaya masa idon Inna na buƙatar likita, ya daure ya raka ta. Ya ce ya lura, kunya ce ta hana shi faɗa. In sun je, nasa idon za a duba. A gidan nan haka ake gyara.

To, sharaɗinka ya cika, mota ta tashi, lambu ba na sayarwa ba ne. Hutuna kuma ya ƙare. Riƙe famfonka, direba muke nema. Baba ya ce wanda ya sayi mota shi ya kamata ya zo ya ji ƙarar. Na gwada kujerar, tana da taushi, ta dace da mai ciwon baya.

Ƙanwarka da ta gaji,
Auta