Ta'aziyyar Ejvind Kragelund, Manomin da Ke Huɗa Ba Ya Shuka

Cikin alhini da jimami, amma da zukatan da godiya ta cika, Ƙungiyar Matuƙan Ƙananan Jiragen Sama ta Vesterklit ta samu labarin rasuwar ubanta, tsohon shugabanta kuma babban malamin tuƙinta, Dattijo Ejvind Kragelund, wanda ya cika a gidansa ranar Talata da hantsi yana da shekara tamanin da ɗaya, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon sanyi.

Shekara talatin da bakwai marigayi ya yi yana koyar da mu, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a cikin jirgi ya san jar garwar madarar nan da ya kafa a gefen titinmu na ciyawa da jirage ke tashi a kai, daidai tsakiya. Dokarsa ɗaya ce: in ka iso garwar alhali jirgi bai ɗauki gudun tashi ba, ka rage wuta ka taka birki, ko da ɗaurin aurenka za ka rasa. Yakan ce da ɗalibi, "Kai, fasa tashin mu yi maka dariya wajen shan kofi. Ni ban da ƙarfin ɗaukar akwatin gawa." Da yawanmu mun sha wannan dariyar, kuma ga mu da ranmu.

Daga ƙarshen titin sai gonarsa ta gado, daga gonar sai babbar magudanar ruwa. Ƙasa ce mai ba da dankali, amma kowane watan Afrilu sai ya huɗe ta da tarakta ya bar ta ba ko ƙwaya, domin jirgin da ya zarce ya kafe a laushin ƙasa kafin ya kai ruwa. Maƙwabta sun yi masa ba'a har sun gaji, mai ɗakinsa kuwa, Uwargida Gudrun Kragelund, ba ta taɓa gajiya da faɗan ba.

Ni mai sa hannu a wannan takarda, da kunya nake faɗa, sau biyu na kawo shawara a taro cewa a roƙe shi gonar mu gina rumfar jirage a ciki. Bara a watan Yuni, bayan ruwan kwana uku, na iso garwar da maigidana da jikokina biyu a cikin jirgi, na ji jirgin da nauyi, na fasa tashi. Tayoyi suka yi ta sulɓi a jiƙaƙƙiyar ciyawa har muka wuce ƙarshen titi, muka kafe a cikin kunyoyinsa, taku goma sha ɗaya tsakaninmu da ruwa. Ya zo a kan tarakta, ya ƙirga mu da ido, ya ce, "To Birthe, bana dai na yi girbi." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Tun da ya kwanta muke cikin fargabar makomar gonar, ba mu kuma da bakin tambaya. Jiya da muka je gaisuwa, Uwargida Gudrun ta lura muna ta kame-kame, sai ta ce, "Ku daina zagaye-zagaye, ɗana Thorkild zai huɗe ta a Afrilu. Shekara talatin ina yi wa mutumin nan faɗa a kanta. Yanzu da ba ya nan, da wa zan ci dankalin?"

A madadin kwamitin gudanarwa da ɗaukacin 'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya da godiyar da baki ba zai iya faɗa ba ga Uwargida Gudrun, da 'ya'yansu Thorkild da Solvej, da jikoki, muna roƙon Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe a cocin Vesterklit, kuma a ranar babu jirgin da zai tashi daga filinmu.

Birthe Skovmand
Sakatariya kuma Kakakin Ƙungiya