Bakwai Ɗinta Kamar Ɗaya

Anti, don Allah ki taimake ni kafin Alhamis.

A ɗakin bincike nake aiki. Muna nazarin kromosom, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, wanda yake naɗe jikin wasu furotin kamar zare a kwarkwaro. Akwai 'yan alamomi da ke liƙe jikin furotin ɗin, su ke sa naɗin ya tsuke ko ya saki. Shekara huɗu ina bin alama guda, ban samu komai ba sai ciwon wuya.

Bara aka kawo wata sabuwar ma'aikaciya, ni na koya mata har sa safar hannu. Wata shida kacal, wai ta gano cire alamar tawa yana tsuke naɗin. Yanzu Farfesa, shugabanmu, ba ya buɗe baki sai da sunanta, ni kuwa na zama mai duba firji. Kishi nake, Anti, ko dariyarta ba na son ji.

Jiya na ga kwalaben gwajinta a firji, kowace da lambarta. Ba ta yi wa lambar bakwai sanda a ciki, kamar ɗaya take rubuta shi. Kwalba ta ɗaya ba a taɓa ta ba, ta bakwai aka cire wa alamar. Ina zargin ta musanya su, sakamakonta ya juye, ga shi ranar Alhamis za ta gabatar da aikin gaban baƙi. Na rufe firjin ina murmushi, murmushin nan ne ya tsorata ni. In faɗa, ko in bari ta sha kunya?

Mai Farar Riga

Ƙanwata, kishinki yana da tushe. Shekara huɗu ba wasa ba ce, kuma Farfesa bai kyauta ba da ya manta wadda ta share hanya. Ki same shi ki faɗa masa haka, ba da fushi ba.

Amma zargi kike yi, ba ki tabbatar ba. Ki ja ta gefe yau ɗin nan, ki nuna mata kwalaben, ku maimaita gwajin tare. In ta yi daidai, da hannunki aka tabbatar, ki nemi a sa sunanki. In ta yi kuskure kika yi shiru, ita za ta ji kunyar kwana biyu, ke kuwa a ba ki sakamakon ƙarya ki ɗora shekara ta biyar a kansa.

Kin koya mata sa safa, saura rubuta bakwai. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya nuna mana ranarki.