Hafsa da Fiyanon Maƙwabciya

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Baba?

Labarin 'yarki Hafsa ne. Shekararta tara, amma maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar China da ke koya mata fiyano ta ce yarinyar ta fi ƙarfinta. Jiya Hafsa ta kaɗa mana kiɗan da ta tsara da kanta, sai na ji waƙar dakan Inna ce! Na ce a ina ta ji, ta ce, "A bakinki, Mama, in kina wanke-wanke."

Yanzu makarantar kiɗa ta nan Guangzhou tana neman ta, babanta bai amince ba tukuna. Tambayar min Inna, an taɓa yin makaɗi a danginmu?

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zainab